Wasiƙa daga Damagaram kan abin da ke ɗauke hankalin matuƙi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Na ji daɗin labarin cewa ɗanmu ya fara koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu. Allah ya ba da sa'a. Ka ce mutuwar inji kake tsoro. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne matuƙi ya kau da ido na ɗan lokaci.

Wannan jirgi ba ya zama daidai da kansa. Hannun dama na kan sandar karkata shi, na hagu na kan sandar ɗagawa da saukewa, ƙafafu biyu na kan fedojin farfelar wutsiya. Babu gaɓar da ke hutu. Idan yana gudun kilomita 185 a awa, wanda ya sunkuya daƙiƙa 5 yana duba taswira ya ci fiye da mita 250 bai ga gabansa ba, ga shi ƙasa-ƙasa ake tafiya, inda wayoyin lantarki da turakun sadarwa suke.

A ranar 26 ga Agusta 2011, kusa da garin Mosby a jihar Misuri ta Amurka, jirgin ɗaukar marasa lafiya samfurin AS350 ya faɗi, mutum 4 suka rasu har da majinyacin. Mai ne ya ƙare. Masu bincike sun gano matuƙin yana ta musayar saƙonni a salula tun a ƙasa har a sama, bai tabbatar da yawan mai ba kafin ya tashi. Da inji ya mutu kuma bai sauke sandar hagu nan take ba, farfela ta rasa gudu. Daƙiƙa biyu ko makamancin haka kawai ake da su a wannan hali.

Don Allah ka gaya wa ɗanmu, idan aka katse shi yana binciken jirgi kafin tashi, ya koma ya sake daga farko. Salula ta shiga jaka. Idan yana tsaye cak a sama, kada ya saki sanda don murɗa rediyo, ya sauka tukuna. Ƙofa ta buɗe? Kamfanin Robinson, mai ƙera irin waɗannan jirage, ya gargaɗi matuƙan jiragensa kada su yi ƙoƙarin rufe ta a sama, jirgin zai tafi haka nan har a sauka. Fasinja mai surutu ko mai amai ma ya jira.

Mu da muka san hazon hunturu a nan, mun san yadda duwatsun Birni ke ɓacewa da rana tsaka. Saukar jirgin a kan rairayi ta fi haka muni, domin farfela na tayar da ƙurar da ke rufe ƙasa ɗungum. A nan ne ya kamata ya tsayar da ido kan abu guda da ke kusa, dutse ko kututture, in ya ɓace masa ya fasa saukar ya sake zagayowa.

Ka gaida uwargida da yara. Mutanen Zango duk suna gaishe ka.

Naka har kullum,
amininka