Baƙonku ya ce motata ba ta canza ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ban saba rubuto wa gidan rediyo takarda ba, amma shirinku na daren Talata ya tsaya mini a wuya. Injiniyan nan da kuka gayyato, wanda ya yi ta dariya yana cewa duk wanda ya sayi motar lantarki ya dawo yana cizon yatsa don sabuwa ta fito, rashin wadatar zuci ne ke damunsa, shi nake so a isar wa saƙona. "Motarka ba ta canza ba, zuciyarka ce ta canza." Sau uku ya faɗa, na ƙirga. Mai gabatarwa kuma sai taya shi yake da "ƙwarai kuwa, injiniya". A cikin irin motar da ake magana a kanta nake zaune ina sauraronku, a ƙofar gidana, igiyar caji na maƙale a ƙugunta. Na buga lambarku har sau bakwai, ba ta shiga ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban sayi motar nan don burga ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake 1,000. Ni ɗan fansho ne mai ɗan shago, ga kai yara makaranta safe da rana, ga zirga-zirgar Kaduna wajen 'yata. Na zauna na yi lissafi a bayan wata tsohuwar ambulan, na ga fetur ke cinye ribar shagon. Da ma ina da sola a gida. Sai na sayar da Corolla ɗina, 'yar Kwatano da na yi shekara shida ina mora, kuma wallahi kuɗin da aka ba ni ya fi wanda na saye ta. Na haɗa da kuɗin wani fili da na saki a bayan gari, na damƙa wa wani yaro ɗan unguwarmu mai zuwa birnin Guangzhou na Caina saro kaya. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan kamfanin motar ba. Ubansa abokin sallata ne, sahu ɗaya muke tsayawa.

Ga tambayar da na yi masa a zaurena, gaban ƙanena, kafin na tura ko kwabo: "Akwai wata sabuwa a hanya? In akwai, zan jira." Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Alhaji, wannan ita ce ta ƙarshe, yanzu ta fito daga wuta. Sayen nagari mayar da kuɗi gida."

Mota ta yi kusan wata biyu tsakanin teku da tashar jiragen ruwa ta Legas, aka biya kuɗin fito, aka ɗoro ta a tirela. Ranar da ta iso unguwa ta cika, yara na shafa ta, uwargida ta yi guɗa a soro. Ko ledar kujeru ban cire ba. Sati uku bayan nan, bayan sallar isha'i, ina tsugune ina duba inbata, sai babban ɗana ya zo ya tsaya a kaina da waya a hannu, ya kasa magana. Na ce mene ne. Ya ce, "Abba, ka ga wannan." Motata ce a hoton, amma an gyara mata fuska. Batirinta ya fi girma, an ce tana yin sama da kilomita 500 da caji ɗaya, tawa kuwa 400 aka rubuta mata. Tana cika da wuri. Kuɗinta kuma, da ya juya mini shi zuwa naira, ya gaza wanda na biya. Na miƙa masa wayarsa, na shiga ɗaki, tuwon daren nan ban ci ba.

Injiniyanku zai ce to me ya faru, ai 400 ɗin tana nan. Ba ta nan. Wannan adadin a ma'aunin gwaji na Caina aka samo shi, wanda duk mai irin motar nan ya san ya fi abin da ake samu a titi. Ku kunna esi a zafin Afrilu, ku ɗauki mutum huɗu da buhun shinkafa a but, ku taka ta a babban titi, sannan ku zo mu yi magana. Kano zuwa Kaduna bai wuce kilomita 230 da 'yan kai ba, amma tun daga Kwanar Ɗangora idona ke komawa kan allon batir, ina wuce Tashar Yari nake kashe esi mu sauke gilashi, don ban san ko za a kawo wuta a gidan surukina ba. Ƙarin kilomita 100 ɗin nan da yake rainawa shi ne bambancin tafiya cikin natsuwa da tafiya ana salati. Abuja kuwa, da ta haura kilomita 400, ba na ma sa ta a lissafi.

Amma ko wannan ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Yaron da ya kawo mini motar ya sani. Abin da shirinku ya ƙi taɓawa ke nan. Ɗana ne ya tono mini cewa a Caina ba a fitar da sabuwar mota a ɓoye. Kafin a ba ta izinin shiga kasuwa, ma'aikatar masana'antu ta ƙasar tana buga hotunanta da girmanta da irin batirinta, kowa ya gani, jaridun motoci su yi ta yayatawa makonni kafin ranar. Wanda yake kwana yana tashi a kasuwar motocin Guangzhou ba zai ce bai ji ba. Masu tsohuwar ƙira suna ta karya farashi don su rabu da ita, shi kuma ya kwaso ta da araha ya kawo mini a kuɗin sabuwa, ya ɗora la'adarsa a kai. Sakiyar da ba ruwa ke nan. Da na tare shi a bakin masallaci, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ai kasuwa ce, kuma motarka lafiyarta lau." Maganar injiniyanku sak.

Akwai ma abin da sai da takardu suka zo na gane. An riga an yi wa motar rajista a can da sunan wani, sannan aka fito da ita a matsayin ta hannu, alhali ko kilomita 20 ba ta yi ba. Dabara ce da 'yan kasuwa ke yi don su fitar da mota ba ta hannun kamfani ba. Kamfanoni da dama a can kuwa garantin batir mai tsawo na mai mota na farko ne kawai. Wato ni ne na biyu a motar da ba wanda ya taɓa hawa. Bakin cajinta irin na Caina ne, ba irin na Turai ba, sai da na sayi mahaɗi daban. Allon gabanta ma da Sinanci ya zo yana yi mini magana, sai da wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre ya yi kwana biyu a kansa.

Na so in rabu da ita in huta. Na kai ta wajen masu sayar da motoci. Dillalin ya zagaya ta sau biyu, ya daki taya da ƙafa, ya buɗe gaba don ya ga inji bai ga komai ba, ya rufe. Sai ya ciro wayarsa, ya nuno mini hoton nan dai da ɗana ya nuna mini, ya ce, "Alhaji, ai an bar yayin wannan." Tayin da ya yi, da na karɓa, kuɗin filina ya tafi a iska. Mota wata huɗu a hannuna! A garin nan mota kadara ce, Malam Edita. Mutum yana sayenta ne da tunanin ranar da aure ko asibiti zai taso ya kai ta kasuwa ta fitar da shi kunya. To a gaya wa injiniya, abin da ya canza ke nan. A majalisarmu yanzu sunan motata "wayar hannu mai taya", wai duk wata shida sai an fito da wata. Ina dariya tare da su don ba yadda zan yi.

Kuma da injiniyan ya ce wannan halin mutanenmu ne na son sabon abu, ya yi mana ƙazafi. A Janairun 2023 Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta karya farashin motocinta a Caina, mutanen da suka saya kwanaki kaɗan kafin nan suka cika shagunanta a Shanghai da Chengdu suna neman a mayar musu da bambancin. A Amurka, cikin watan nan dai, motar Tesla ƙirar Model Y ta sauko daga dala 65,990 zuwa 52,990 a dare ɗaya. Dala 13,000. Wanda ya saya ranar Laraba ya wayi gari Juma'a da wannan asara, shi ma zuciyarsa ce ta canza? Kamfanin Zeekr na Caina ya sabunta motarsa 001 a Fabrairun 2024, ya sake fito da wata a Agustan shekarar, masu ta Fabrairu suka yi ca a kansa. Hertz, babban kamfanin hayar motoci na Amurka, a Janairun 2024 ya sanar zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000, kuma faɗuwar darajarsu na cikin abin da ya ja masa asara. Su ma duk rashin wadatar zuci ne? Masu akantoci da lauyoyi ma abin ya ci su, balle ɗan fansho mai lissafi a bayan ambulan.

Na ji injiniyan ya kawo labarin Osborne, kamfanin kwamfutar nan da ya yi shelar sabuwar ƙira kafin ta iso, mutane suka daina sayen wadda ke kasuwa, ya durƙushe a 1983. Wai shi ya sa dole mai kaya ya yi shiru. To, na ji. Kamfani ya yi shiru don kada ya karye, ni kuma in karye a madadinsa. Ni ba malami ba ne, amma tun muna yara a makarantar dare aka karantar da mu hadisin Hakim bin Hizam, cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa wa cinikinsu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Ko zuwan sabuwar ƙira aibi ne da ya wajaba mai kaya ya faɗa tun ba a tambaye shi ba, wannan na bar wa malamai, kuma da kun kyauta da kun zaunar da ɗaya kusa da injiniyan. Amma ni na tambaya. Da bakina na tambaya, gaban shaida.

Kada a ɗauka ina zagin motar lantarki ne. Tun da ta zo ban sayi baƙin mai ba, ban canza fulogi ba, ban tsaya layin gidan mai ba. Bakanikena har ya bugo yana tambaya ko mun yi faɗa ne. Shirunta ma har ya yi yawa, akuyoyin layinmu ba sa jin zuwana sai na yi ham. Na yi murna lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, yake shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, na kuma ji daɗin motocin haya na lantarki da gwamnatin Borno ta zuba a Maiduguri. Da a ce yaron nan ya ce mini, Alhaji ka jira wata biyu, ko kuwa ga tsohuwar ƙira a kuɗin tsohuwar ƙira, da yau ni ne mai yi muku tallarta kyauta. Mutum uku a unguwarmu sun zo neman shawarata, kuma dukansu abin da na ce musu shi ne su sa dillali ya rubuta a takarda, ya sa hannu, wace shekara aka ƙera ta, da sunan wa aka yi mata rajista, kuma ko an riga an buga hoton magajiyarta. Minti arba'in da biyar kuka yi kuna shiri, ba wanda ya faɗa wa masu sauraro ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Tun da na riga na fara, bari in ƙara da wannan. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa daf da shirin, don Allah a duba shi. Ranar nan ina tare da 'ya'yana mata biyu a mota mutumin ya fara lissafo cututtukan ma'aurata da sunayensu gatsal, ba sakaye ba kara. Na rasa inda zan sa fuskata, ga allon motar ban iya rage murya da sauri ba, sai da na laluba. Gidan rediyon da iyali ke saurare bai kamata ya zama bakin tasha ba. In kuɗin tallar ne ba za ku iya bari ba, ku mayar da shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Lambar wayar nan taku kuma ko a gyara ta ko a daina karanto mana ita.

Ina roƙon a karanta takardar nan a shirin mako mai zuwa, a gaban injiniyan, ba a yanke ba. Ku kuma gaya masa motar tana nan ƙofar gida, fara ce, ledar kujerar baya ma ban cire ba. Tun da ba ta canza ba, ya zo da kuɗin da na biya ya ɗauka, mahaɗin cajin na bar masa kyauta.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Hotoro, Kano