Zuwa ga Sakkwatawa mazauna waje: batun lambu a bakin Gulbin Rima

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke ƙasashen waje. Muna gaishe ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Hotunan da kuke turowa in kun fita da yara lambunan bakin ruwa muna ganinsu, su ne ma dalilin wannan saƙo. 'Yan uwanmu na Ingila sun san lambun Kew da ke gefen kogin Landan, wanda aka kafa tun 1759. Amma wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na Aswan a Masar. Tsibiri ne guda a tsakiyar kogin Nilu, sai da jirgin ruwa ake shigarsa, an cika shi da dabino da itatuwan ƙasashe daban-daban. Aswan kuwa ta fi mu fari nesa ba kusa ba, sai a kusa shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ashe zafin watan Afrilu bai isa ya hana mu yin namu lambun ba.

Duk wanda ya bi hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Kwalkwalawa da rani ya san abin da Allah ya ba mu. Fadama kore shar, albasa da shinkafa, masunta cikin kwalekwale, bado ya buɗe fari tas a kan ruwa. Sai dai da wuya magidanci ya sami wuri mai inuwa da tsafta da zai shimfiɗa wa iyalinsa tabarma bayan La'asar. Wannan yana damunmu ƙwarai.

Shi ya sa muke son ƙungiya ta nemi ɗan fili ta hannun masu ƙasa da hukuma. A fara da abin da ƙasarmu ta sani: dogon yaro, mangwaro, giginya, da shingen lalle, wanda ƙamshin furensa da yamma ba sai an faɗa wa ɗan Sakkwato ba. Kuma a kan tudu za a yi shi, domin ba mu manta ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ba.

Don Allah in kun sake zuwa irin waɗannan lambuna, kada a tsaya ga hoto. Ku tambayi ma'aikatan yadda suke ban ruwa, wa ke biyan albashin masu shara da gadi, da yadda suke killace bakin ruwa saboda yara. Ku aiko wa sakatare abin da kuka samo kafin taronmu na gaba.

Allah ya dawo mana da ku lafiya.