Wasiƙa daga Sakkwato: abin da auta ya yi wa babur ɗinka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya aiki? Mu nan hazo ya sauka, da safe mutum na gabanka ba ka gane shi sai ya yi tari. Na leƙa Inna ranar Juma'a, lafiyarta lau, ta ce in tambaye ka ko da azumi za ka zo.

Zancen babur ɗinka ne ya sa na ɗauki biro. Kada gabanka ya faɗi, Boxer ɗin na nan, yana kuma tashi. Sai dai autanku ya gani a waya yadda ake cire akwatin eya-kilina a ɗaura wata 'yar matatar iska mai kamar mazurari a bakin kafireto, shi ma ya je ya yi. Da gurnanin injin ya canza, sai yaro ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Kwana uku yana zarya tsakanin Mabera da Arkilla don 'yan mata su ji. A na huɗu ya nufi Illela, bai wuce Kware ba babur ya fara shaƙewa, in ya murɗa ya ƙi ja, in ya saki salansa ta yi ta harbi. A bayan a-kori-kura aka kawo mini su gareji, shi da babur ɗin.

Ina kwance fulogi na ga bakinsa fari fat kamar alli, alhali na lafiyayyen inji kalar soyayyiyar gyaɗa yake yi. Ka san kafireto ba ta da wayo, da awo take aiki. Inji na son iska wajen kashi 15 a kan fetur kashi 1 in an auna da nauyi, kuma jet ɗin, wato ɗan ramin da fetur ke fitowa ta ciki a kafireto, an daidaita shi ne da akwatin nan. Ka buɗe wa iska ƙofa ka bar mai yadda yake, cakuɗin ya tsinke, inji ya ɗau zafi. Shi kuwa ba shi da lagireto, iskar hanya ce kawai ke sanyaya shi. Allah ya taimake mu cikin sanyi abin ya faru. Da a watan Afrilu ne, lokacin da zafin garin nan ke haura 40, da yanzu maganar ƙonannen bawul ko hudajjen fistan nake maka.

Na san halinka, za ka ce ai wasu na yi kuma yana musu aiki. Suna yi, amma ba su tsayawa a matata. Sai sun sa babban jet mai faɗin rami, su ɗaga allurar kafireto, su taɓa sukurun iska, su zaga su dawo su duba fulogi, su sake. Bayan duk wannan wahala babur ya ƙara shan mai, ƙarfin da ya ƙaru a ɗan injin 100cc kuwa ko ɗaukar buhun albasa ɗaya ba za ka ji shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, 'yan kabu-kabu roƙona suke in matse musu jet, ga autanku yana neman ya buɗe.

Abin da ya fi ɓata mini rai ƙura ce. Na zura yatsa a maƙogwaron kafireto, ya fito da yashi. Wannan yashin in ya haɗu da baƙin mai, goge ring da silinda yake yi kamar an sa musu sanfefa. Soson tace iska na kamfani da ke cikin akwatin, wanda yaron ya raina, shi ya dace da garinmu: ka wanke da kananzir, ka matse ba tare da murɗewa ba, ya bushe, ka shafa masa ɗan baƙin mai, ƙura ta manne a jikinsa. Da hazo duk mako nake wanke nawa.

Na wanke kafireto, na juye baƙin mai, na sa sabon fulogi. Akwatin kuma sai da muka yi ta nema, ashe a bayan ɗakin Inna ya jefar, har kaza ta yi ƙwai biyar a ciki. Inna ta ce ba mai taɓa shi sai an ƙyanƙyashe, don haka na ari wani na ɗaura. Robar da ke haɗa shi da kafireto ta tsage, dole a sayi sabuwa, kuma ina ganin ɗan hayaƙi da safe, zan sa masa ido mako biyu kafin in ce a buɗe inji. Makullin na hannuna. Ka gaya mini ko in mayar wa auta ko in riƙe har ka zo.

Ka gai da mutanenmu na can.

Naka,
abokinka na gareji