Rahoton shekarar 1446: tafiyar dattawanmu da masu lalura a jirgin ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, 'yan ƙungiya na Makka da Jidda da 'yan tsirarunmu na Madina. Ga rahoton ayyukan shekarar 1446 daga sakatare, a yi haƙuri ya ɗan yi tsawo, maganar ce da yawa.

In baku manta ba a zaman da mukayi cikin Muharram an tsaya akan cewa bana ba zamu rarraba ƙarfinmu ba, abu ɗaya zamu sa a gaba wato taimakon dattawa da masu lalura su samu tafiya a jirgin ƙasa na Haramain, ko ziyara Madina ko ganin likita a Jidda. Dalili kuwa kowa ya sani, mota daga Makka zuwa Madina in an haɗa da tsaye-tsayen hanya awa biyar ne zuwa shida, wanda yake fama da suga ko yawan fitsari ko ciwon gwiwa kafin ya isa ya jigata, akwai iyayenmu da suka shekara da yawa basu je sun yi sallama ga Manzon Allah (SAW) ba ba don komai ba sai tsoron wannan zaman motar. Jirgin kuma tun Oktoban 2018 yake ɗaukar mutane, tsawon hanyar wajen kilomita 450, yana gudu har kilomita 300 a awa, cikin awa biyu da 'yan mintuna ka isa. Tasha biyar ce, ta Makka a Rusaifa, ta Jidda a Sulaimaniya, ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ta birnin tattalin arziki na Sarki Abdullahi wajen Rabig, sai Madina. Abin mamaki da yawa cikin tsofaffinmu na unguwannin Hindawiyya da Shari' Mansur a Makka suna hango tashar Rusaifa kullum amma basu taɓa taka ƙafa ciki ba, wasu sun ɗauka ta baƙi ce masu kuɗi.

Toh abin da shekarar nan ta nuna mana shine jirgin kansa shine mafi sauƙi a cikin tafiyar. Bakin ƙofarsa kusan daidai yake da daɓen da ake tsayawa, arabiya wato keken guragu tana shiga ba sai an ɗaga mutum sama ba, akwai wurin da aka ware ma masu keken guragu da banɗaki mai faɗi, ga sanyi, ba girgiza. Wahalar tana gaba da baya, wajen yanke tikiti da kuma daga ƙofar gida zuwa ƙofar tasha.

Maganar tikiti tukuna. Yawanci a waya ake hajzi wato kama kujera, a manhajar jirgin ko shafinsu na intanet, kuma tikitin da sunan mutum yake fita da lambar iƙama wato katin izinin zama, ko fasfo ko katin ɗan ƙasa, a biya da katin banki. Baba ɗan shekara saba'in da wani abu wanda wayarsa ta kira ce kawai ina zai fara? Shi yasa matasanmu suka riƙa zama bayan isha'i ranar da aka ware a sati, duk mai son tafiya ya zo ko ya turo ɗansa da iƙamarsa, a yi masa hajzi a tura tikitin a wayar mai rakiya sannan a buga masa a takarda, don wallahi dattijo in bai riƙe takarda a hannu ba hankalinsa baya kwanciya. Allah ya saka ma yaran nan da alheri, wasu daga aiki suke zuwa ko abinci basu ci ba. Sai dai dan Allah a ji wannan da kyau, wurin masu keke a kowane jirgi kaɗan ne ba kamar kujerun kowa da kowa ba, wanda ya zo mana da daddare yace gobe da asuba yake so a kai mahaifiyarsa sau da yawa sai dai mu bashi haƙuri, ba a fafe gora ranar tafiya. A faɗa mana da sati guda ko fiye, musamman in tafiyar ta faɗo Alhamis ko Juma'a.

An yi ta tambayarmu batun rangwame. Rangwamen masu buƙata ta musamman da katin hukuma yake tafiya, tsufa kawai ko takardar likita a aljihu ba ita bace katin, waɗanda suke 'yan ƙasa a cikinmu mun taimaka ma wasu sun nema, sauran kuma asusun ƙungiya ne ya cika musu inda kuɗi ya gaza. Haka wanda iƙamarsa ta mutu, kwamiti ya riga ya yanke ba zamu yi masa hajzi da takardar wani ba, wasu sun ji haushi har an daina gaisawa da ni a masallaci, amma gara haushin da a jawo ma mutum da ƙungiya abin da ba'a shirya masa ba.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske. Duk wanda ya san gidajen mutanenmu a Makka ya san da yawa a kan dutse suke, lungu ne da matakala wanda ko babur baya shiga balle mota, wata Hajiyar hawa na uku take a gidan da ba lif, saukowa da ita kawai sai an samu samari biyu uku masu ƙarfi, a zaunar da ita a kujera a ɗauko a hankali ana hutawa, sau da yawa wannan saukowar tafi tafiyar Makka zuwa Jidda a jirgi cin lokaci. In an sauko kuma sai neman mota, wasu masu tasi da sun hango arabiya sai su ƙara wuta, wanda ya tsaya kuma yace but ɗinsa ba zai ɗauka ba. Abin da ya cece mu shine 'yan uwa masu mota da suka bada sunansu, muna kiransu ko ƙarfe nawa, kuɗin mai kawai muke basu wani ma baya karɓa. Na Jidda matsalarsu daban ce, tun rushe-rushen unguwanni na 2022 irin su Gulail da Karantina da Sabil mutanenmu suka warwatsu, wanda da maƙocinka ne yanzu sai kayi tafiyar rabin awa kafin ka kai gidansa, don haka ɗauko mutum ɗaya zuwa Sulaimaniya ya zama aikin yini.

Cikin tasha ma akwai abin lura. Tashoshin manya ne sosai, daga inda mota ta ajiye ka zuwa wajen bincike zuwa inda ake jira har bakin jirgi tafiya ce mai nisa, dattijon da yake zuwa masallacin unguwa da sandarsa lafiya lau anan sai numfashi ya gagare shi. Mun sha fama da iyayenmu maza akan haka, kace Baba hau arabiya yace shi ba gurgu bane, sai an yi rabin hanya ya nemi wajen zama, ga lokaci yana tafiya kuma ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi, jirgin nan baya jiran kowa. Yanzu dokarmu itace duk wanda ya haura saba'in da arabiya zamu tafi ko zai hau ko ba zai hau ba, in bai hau ba jaka ta hau. Sannan lif muke bi, matakala mai tafiya da kanta mun hana, abaya ko bakin zani in ya maƙale abin ba daɗi. A isa tasha da awa guda a hannu. Kaya kuma babbar jaka ɗaya ce wadda bata wuce kilo 25 ba sai ƙaramar ta hannu, iyayenmu mata a taimaka, dabinon Madina ba zai ƙare ba, ba sai an kwaso na duk dangin Kano da Sakkwato a tafiya ɗaya ba.

Inda bamu taɓuka abin kirki ba shine ɓangaren makafi da kurame. Da aka ce masu lalura duk hankalinmu ya tafi kan keken guragu, sai da wani ɗan uwa kurma ya nuna mana cewa shi sanarwar lasifika bata da amfani gare shi, allon sanarwa kuma Larabci ne da Turanci shi kuwa karatunsa na allo ne. Abin da muka iya shine ƙaramin kati da aka rubuta sunan tashar da zai sauka da lambar mai tarbarsa da Larabci ya nuna ma ma'aikaci. Makafi kuma dole sai da ɗan jagora tun daga gida har gida. Wannan bai isa ba, duk mai shawara ko wanda ya iya maganar hannu ya neme mu.

Sai ƙarancin mata masu rakiya, wannan kam ya dame mu ƙwarai. Mafi yawan masu neman tafiya mata ne tsofaffi, masu rakiya kuma kusan duk samari, saurayi zai tura keke amma ba zai shiga banɗaki da Hajiya ba, ba zai gyara mata zani ba, kuma a Masallacin Annabi ɓangaren mata daban yake dole ya tsaya a waje. Akwai tafiye-tafiyen da aka ɗaga ba don kuɗi ba sai don ba macen da zata bi. Muna roƙon iyaye da mazaje a bar 'yan uwa mata su bada suna ko sau ɗaya ne a wata, ba kwana ake ba, a tafi da safe a dawo da dare.

A Madina tasha bata kusa da Harami, sai an sake hawa bas ko tasi, 'yan uwanmu na can su suka riƙe wannan duk da basu da yawa. Shiga Rauda sai da izini a manhajar Nusuk, don haka yanzu sai mun ga lokacin da aka samu a Nusuk kafin mu yanke tikitin jirgi, in aka yi akasin haka sai dattijo ya je ya dawo bai shiga ba ransa a ɓace. Masu niyyar umra a dawowa kuma miƙatinsu Zul Hulaifa ne wato Abyar Ali, yana nan bakin Madina, mun tambayi malamanmu sun yi bayani, abin da muke yi shine a gama wanka da ɗaura harami tun a masauki, don ɗaura ma tsoho mai shanyewar ɓarin jiki harami a cikin jirgi yana gudu ba ƙaramin aiki bane.

Ramadan munyi ƙoƙari a goman farko kawai, daga nan cunkoso yayi yawa ga tikiti yana ƙarewa da wuri. Daga ƙarshen Shawwal da aka fara hana shiga Makka sai da tasrihi wato takardar izini muka dakatar da kawo na Jidda gaba ɗaya har bayan aikin Hajji. Wasu sun tambaya ko zamu faɗaɗa zuwa jirgin Riyad da Dammam wanda yake bi ta Hufuf, ko na arewa mai zuwa Ƙasim da Ha'il, har da masu ɗokin metiron Riyad da aka buɗe a Disambar 2024, amsa itace a'a tukuna, bamu da mutane a can.

Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto shi dalla-dalla a zaman gaba, abin da zan ce kawai mafi yawan abin da ya fita tikitin masu rakiya ne da kuɗin mai da gyaran kekuna, kuma kuɗin wata da yawa basu biya ba tun Rajab, kun san kanku. A 1447 muna so mu sayi kujerar saukowa daga bene mai madauri, irin ta masu motar asibiti, don bayan samarinmu ya fara ciwo, sannan mu samu mace ɗaya a kowace unguwa da zata riƙe jerin sunayen masu rakiya mata.

Kekunan ƙungiya da aka ara kuma har yanzu akwai waɗanda basu dawo ba, ɗaya ma an ce an ganta ana ɗaukar tulun gas da ita. Wanda take hannunsa ya kawo ta gidan shugaba kafin zaman Juma'ar farko ta wata mai kamawa bayan isha'i, kuma kowa ya zo da iƙamar dattijon da yake so a sa a jerin masu zuwa Madina a Rabi'ul Awwal.

Wassalamu alaikum.
Sakataren ƙungiya