Jirgin attajiri a teku yana da inshora, na masu fito a Watari fa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana a kan inshorar jiragen ruwan shaƙatawa na attajirai, irin waɗanda mutum ɗaya yake mallaka, ya ɗauki kyaftin da injiniya da kuku da sauran ma'aikata, su riƙa ratsa tekunan duniya da shi. Wani zai ce ina ruwan mutumin Bagwai da jirgin da sai a talabijin yake gani, amma akwai wani tsari a cikin lamarin da mu masu hawa ruwa kullum muka fi attajiran bukatarsa.

A ƙarƙashin yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, cikakken ikon ƙasa yana tsayawa ne a mil 12 daga gaɓarta, tana da haƙƙin arzikin ruwa har zuwa mil 200, daga nan kuma teku ba mallakin kowa ba ne. Jirgin da ya kai can, dokar ƙasar da ya ɗaga tutarta ce take binsa, kuma da yawa daga cikin masu irin waɗannan jirage a Malta ko tsibiran Kayman ko na Mashal suke yin rajista. To, a wurin da babu ɗan sanda kuma babu alƙali a kusa, wanda ya fi kowa sa wa jirgin ido shi ne kamfanin inshora, saboda aljihunsa ne zai yi kuka idan aka yi asara.

Kafin kamfani ya sa hannu, yakan nemi rahoton ƙwararren mai duba jirage, wani lokaci ma sai an ɗaga jirgin daga ruwa an duba gindinsa, an gwada injinsa da kayan kashe gobara da kayan ceto. Sai a daidaita a kan darajar jirgin tun farko, domin kada a yi jayayya ranar biya. Ana duba takardar shaidar kyaftin da irin gogewarsa, sannan a shata wa jirgin iyakar inda zai je. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba, lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atilantika, kamfanoni da yawa ba sa yarda jirgi ya zauna a yankin Karibiyan sai da ƙarin sharuɗɗa. Wanda kuma yake son shiga Bahar Maliya ko mashigin tekun Gini, wato gabanmu nan, sai ya sayi kariya ta daban saboda yaƙi da 'yan fashin teku. Mai jirgin da ya saɓa wa waɗannan sharuɗɗa yana iya wayar gari kamfani ya ce ba zai biya ko kwabo ba, kuma wannan tsoron shi yake sa attajiri bin ƙa'ida.

Ɓangaren da ya fi taɓa zuciyata shi ne na rayuka. Baya ga inshorar gangar jirgi da injinsa, akwai ta alhakin wasu, wadda take biyan diyya idan fasinja ko ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu, ko jirgin ya yi karo da wani, ko mai ya malala a ruwa. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta kula da lafiyar ma'aikaci da mayar da shi gida, sai dai jiragen kasuwanci ta ɗaure, jirgin da mai shi kaɗai yake hawa ba lallai ta kama shi ba. Saboda haka matashinmu da ya samu aiki a irin wannan jirgi, ya nemi ganin abin da aka rubuta a kwantiraginsa game da magani da diyya tun ƙafarsa tana tudu.

Inshora ba ta hana ƙaddara. A ranar 19 ga Agustan 2024 wani jirgin shaƙatawa mai suna Bayesian, mai tsawon mita 56, ya nutse a gaɓar Sisili ta ƙasar Italiya, mutum 7 daga cikin 22 suka rasu, har da kukun jirgin. Amma an yi bincike, kuma a 2025 aka tsamo jirgin daga ƙarƙashin teku. Irin wannan ɗawainiya, da diyyar iyalan mamata, su ne dalilin yin inshorar tun farko.

Mu kuwa a ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari, tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya da suka ɗauko hanyar Maulidi. Duk wanda ya saba tsayawa a bakin mafitarmu, ko a gaɓar kogin Haɗeja da damina, ya san yadda ake lodi: a ɗora babura da buhunan hatsi da awaki, mata su zauna a kan kayan da goyo a baya, wani yaro yana kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka, ɓarakar katako kuma an cusa mata tsumma an shafe da kwalta. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto, to amma jami'anta ba za su iya kwana a kowace mafita ba. Mai fito shi ma talaka ne, in jirginsa ya tafi jarinsa ya tafi, ba shi da abin biyan diyya ko da ya so.

Na san da yawa daga cikin mutanenmu suna ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas da malamai suka yi magana a kansu, kuma damuwarsu tana kan hanya. Sai dai tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, inda mahalarta suke zuba gudunmawa a asusu ɗaya domin tallafa wa wanda asara ta faɗa wa. Masu fito suna da ƙungiyoyi, suna da sarakunan ruwa da suke jin maganarsu. Ana iya yi musu takaful na rukuni, a ɗora ɗan abu kaɗan a kan kuɗin fito, da sharaɗin a duba kowane jirgi kafin damina, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da fenti a jikinsa, a tanadi rigunan ceto, kuma ba tashi bayan magariba. Idan asusun na kowa ne, abokan sana'ar mai fito su za su fara tsawata masa ranar da ya yi lodin ganganci.

Ina kira ga gwamnatocin Kano da Jigawa su zauna da kamfanonin takaful da shugabannin masu fito, a gwada wannan tsari a Watari da mafita ɗaya ko biyu a kogin Haɗeja kafin ruwa ya sake cika, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin gudunmawar shekarar farko.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga ƙaramar hukumar Bagwai, Jihar Kano.