A Rubuta Cinikinmu Tun Dattawan Kasuwa Suna Raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan karatun sarrafa kasuwanci, wanda yaranmu ke kira MBA, domin abin ya shigo har cikin gidana. Ni akawu ne. Shekara 26 ke nan ina riƙe wa maigidana littafin lissafi a Kantin Kwari, muna sarin shadda da atamfa da yadi. Ɗan yayata, wanda a hannuna ya tashi tun yana firamare, ya dawo da wannan digiri daga wata jami'a a Ingila a 2024, bayan mun sayar da fili mun cika abin da tallafin karatu bai ɗauka ba.

Ranar da ya zo rumfa gaishe da Alhaji maigidana, hira ta yi daɗi har ya jawo kwalin atamfa ya juya bayansa, ya zana mana abubuwa biyar da Michael Porter, malamin Harvard, ya fitar a 1979 don auna kowace sana'a: waɗanda kuke gasa da su, sababbin shiga, ƙarfin mai sayar maka, ƙarfin mai saye a wurinka, da kayan da za su iya maye gurbin naka. Wallahi ya burge ni. Abin da muka daɗe muna kuka a kai, na masu kawo kaya daga Sin suna sayarwa da kansu a ƙofarmu, sai ga shi zaune daram a cikin zanen.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla, ɗana, Allah ya yi albarka. To ga tawa." Ya kwashe labarin abin da ya same mu ya faɗa masa. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A lokacin mutumin da ke ba mu kaya daga birnin Gwanju na ƙasar Sin yana binmu bashi da dala, mu kuma mun raba kayan bashi da naira ga abokan cinikinmu na Maraɗi da Agadas da Maiduguri, a kan za su biya bayan Salla. Alhaji ya ce, "Kai ne ni. Yaya za ka yi?"

Yaron bai yi wata-wata ba. Ya ce a tsayar da ba da bashi, a sake lissafin tsohon bashi da farashin yau, a matsa wa kowa ya biya. Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Na Maraɗin nan, ubansa da ubana suka fara ciniki. Babu takarda tsakaninmu, baki ne." Abin da Alhaji ya yi shi ne bai ƙara wa kowa ko kwabo a tsohon bashi ba, ya sayar da gida guda ya biya na Gwanju kan lokaci, sabon kaya kuwa ya ce sai lakadan, da farashin dalar ranar. Ni na rubuta wannan asara da hannuna, kuma na daɗe ban yi barcin kirki ba. Ba na cewa tasa ce kaɗai daidai. Akwai maƙwabtanmu da suka yi irin wannan kawaici, yau rumfunansu wasu ne a ciki.

Da dare yaron ya same ni a zaure ya ce, "Kawu, ai abin da Alhaji ya yi mini ɗazu shi ne ainihin yadda ake koyarwa a can." Ya bayyana mini cewa makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka buɗe a 1908, ta aro wannan hanya ne daga masu koyar da shari'a a zamanin shugabanta Wallace Donham, wanda shi kansa lauya ne. Ana rubuta labarin wani kamfani na gaske a daidai gaɓar da mai shi ya shiga tsaka mai wuya, a bai wa ɗalibai su kwana da shi. Da safe mutum wajen 90 a aji, malami ya nuna wanda ya ga dama ya ce, yaya za ka yi? Sauran su yi ta ja da shi. Na farko da suka rubuta, a 1921, a kan wani kamfanin takalma ne. Yau ɗalibi kan karanta irin waɗannan wajen 500 cikin shekara biyu, kuma kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara.

Sai na tambaye shi ko a nasa karatun ya taɓa cin karo da bashin baki, ko dillali, ko maigidan da ke sallamar yaronsa da jari bayan shekaru. Ya ce ko sau ɗaya. Wannan ne ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Malam Edita, mu fa ba a rasa mu da darasi ba. Alhassan Dantata da fataucin goro ya fara, tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Da aka buɗe layin dogo zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja, sai ya karkata can, ya shimfiɗa yaransa a ƙauyuka suna saye, har ya rasu a 1955 ana ƙirga shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Me ya hango da wasu ba su hango ba? Haka nan faɗuwa darasi ce. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, wasu da dama a Kakuri da Sharaɗa da Bompai suka bi sahu. Kowa na cewa wuta ce da fasa-ƙwauri, kuma gaskiya ne, amma wace shawara manajojin suka yanke a shekarun ƙarshe, kuma wace ƙofa ce ta rage musu? Mutanen da suka zauna a waɗannan taruka wasunsu na nan da rai.

Kirana ga malaman Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, da takwarorinsu na Jami'ar Ahmadu Bello: ku riƙa turo ɗalibai Kwari da Dawanau da Singa da Kurmi, su zauna kan benci su saurara, su rubuta. A fitar da shi da Turanci da Hausa, domin yaron shago ma ya karanta ya yi gardama.

Mu 'yan kasuwa ma da namu laifin. Muna ɓoye littafi, tsoron mai haraji da bakin mutane. Ai ana iya sauya suna da adadi, darasin ya tsaya yadda yake. Na yi wa Alhaji wannan magana ranar Juma'ar da ta wuce, ya yi shiru can ya ce, in dai ba za a ambaci sunan waɗanda ya yi wa kawaici ba, ya yarda. Shekarunsa 78, ƙwaƙwalwarsa garau, kuma littafin 2023 da na 2024 suna cikin durowata. Bayan La'asar kasuwa kan lafa, a lokacin ya fi sakin jiki da hira.

Naka mai karatu,
Wani akawu a Kantin Kwari, Kano