A bi sawun likitocin ƙabilun asali na Amurka bayan sun gama jami'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan 'ya'yan ƙabilun asali na Amurka, irin su Nabaho da Cheroki, masu karatun likita da niyyar komawa su yi wa mutanensu aiki. Yawanci labarin kan tsaya ne a ranar da ɗalibi ya samu gurbi, alhali wuyar tana gaba.

Buƙatar ba ta ɓuya ba. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya gano a 2018 cewa kashi 25 cikin ɗari na guraben likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a hukumar IHS, mai kula da lafiyar ƙabilun tun 1955, ba kowa a kansu.

Hanyar kuwa doguwa ce: shekara 4 na digirin farko, jarrabawar MCAT ta neman shiga karatun likita, shekara 4 a makarantar likitanci, sannan aƙalla shekara 3 na horon ƙwarewa a asibiti. Tallafin IHS yana biyan kuɗin makaranta da na abinci duk wata, ɗalibi ya rama da aikin shekara guda kan kowace shekarar tallafi, kada ya gaza biyu.

A matakin ƙarshen nan ake asarar mutane. Kuɗin horon ƙwarewa ta Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya, yake bi, akasarinsa zuwa manyan asibitocin birni. Kafin yaro ya cika shekara 11 a waje ya yi aure, 'ya'ya sun shiga makaranta. In ya dawo, wani lokaci ko gidan haya babu kusa da asibitin. Sai ya sauke nauyin shekara biyun, ya tattara ya koma birni, mai ciwon suga kuma ya sake zayyana wa sabon likita tarihinsa daga farko. Ban ga laifin likitan ba, tsarin ne ya raba shi da gida.

Shi ya sa nake ganin ƙabilar Cheroki ta kama hanya. Ita da Jami'ar Jihar Oklahoma sun buɗe makarantar likitanci a Tahlequah a 2020, ta farko irinta a ƙasar wata ƙabila, aka yaye rukunin farko a 2024. A Shiprock ma, cikin ƙasar Nabaho, asibitin IHS ya fara horar da likitocin iyali.

Ina roƙon wakilanku su bincika mana inda ɗaliban 2024 suke horo, da adadin waɗanda za su zauna a asibitocin ƙabilu.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum